Rashin Isasshen Barci: Asarar Da Ba Ta Shiga Littafin Akanta

A duk lokacin da masana tattalin arziki suka zauna lissafa abubuwan da ke daƙile bunƙasar masana'antu da cinikayya a ƙasar nan, sukan ambaci ƙarancin wutar lantarki, da lalacewar hanyoyin mota, da tsadar kuɗin ruwa a bankuna, da kuma hauhawar farashin kayayyaki. Amma akwai wata asara wadda ba kasafai take shiga littafin akanta ba, alhali kuwa tana cin dukiya da rayuka dare da rana. Wannan ita ce asarar da rashin isasshen barci yake haddasawa a tsakanin ma'aikatan ofis da na masana'antu, da direbobin manyan motoci, da masu gadi, da 'yan kasuwa.

A shekarar 2016 cibiyar bincike ta RAND, reshenta na Turai, ta ƙiyasta wannan asara da kuɗi a ƙasashe biyar masu arzikin masana'antu. Rahoton nata ya nuna cewa a wancan lokaci Amurka tana asarar abin da ya kai dala miliyan dubu 411 a shekara, wato kashi 2.28 cikin 100 na dukkan abin da ƙasar take samarwa. Japan kuwa asararta ta kai dala miliyan dubu 138, Jamus dala miliyan dubu 60, Birtaniya dala miliyan dubu 50, sai Kanada dala miliyan dubu 21. Galibin asarar tana zuwa ne ta hanyar fashin aiki, da zuwa wurin aiki ba tare da taɓuka abin kirki ba, da kuma mutuwar ma'aikata tun ƙarfinsu bai ƙare ba.

Duk wanda ya dubi yadda rayuwa take gudana a manyan biranen Nijeriya zai gane cewa matsalar tana nan a gida. Ma'aikacin da ke zaune a Ikorodu ko Agege yana aiki a tsibirin Legas, ko wanda ke kwana a Mararaba ko Suleja yana aiki a tsakiyar Abuja, yakan tashi tun kafin asuba domin tsere wa cunkoson motoci, ba kuma zai koma gida ba sai dare ya yi. Direban da ya ɗauko tumatir da albasa daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 yana da tafiyar kimanin kilomita 1,000 a gabansa, ga kayan da ba sa jiran ɓata lokaci. Bayan wannan matsi na neman abinci, akwai kuma cututtukan barci na sosai, waɗanda likitoci suka san alamominsu da maganinsu, amma masu fama da su suke ɗauka gajiya ce kawai.

Yadda barci yake gudana

Hausawa sukan ce barci ƙanin mutuwa, sai dai ilmin likitanci ya tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa tana cikin aiki tuƙuru a lokacin da mutum yake kwance. A shekarar 1953 wasu masana biyu na Jami'ar Chicago, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka gano cewa akwai wani mataki na barci wanda idanu suke jujjuyawa da sauri a ƙarƙashin fatarsu, kuma a cikinsa ne aka fi yin mafarki. Barci yakan fara da mara nauyi, ya gangara zuwa mai nauyi, sa'an nan ya shiga matakin mafarki. Kowane zagaye yana ɗaukar kimanin minti 90, ana kuma yin zagaye 4 zuwa 6 a dare guda. A cikin barci mai nauyi ne jiki yake gyara tsokoki da ƙarfafa garkuwarsa, ƙwaƙwalwa kuma take adana abin da aka koya da rana.

Abubuwa biyu ne suke sarrafa lokacin barci. Na farko wani sinadari ne mai suna adenosin, wanda yake taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke, barci ne kuma yake rage shi. Na biyu shi ne agogon jiki, wanda yake bin haske da duhu, yana sa a saki sinadarin melatonin idan dare ya yi. Binciken yadda wannan agogo yake aiki shi ne ya sama wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 2017. Saboda wannan agogo ne kuzarin mutum yake yin ƙasa ƙwarai tsakanin ƙarfe 2 na dare da ketowar alfijir, ya kuma sake raguwa kaɗan bayan azahar.

Ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka sun yi ittifaƙi a 2015 cewa baligi yana bukatar barcin aƙalla sa'o'i 7 a kowane dare. Matasa 'yan sakandare suna bukatar sa'o'i 8 zuwa 10, ƙananan yara kuwa fiye da haka.

Ƙauracewar barci

Cutar da ta fi yawa ita ce ƙauracewar barci, inda mutum zai kwanta ya yi ta juyi barci ya ƙi zuwa, ko ya riƙa farkawa cikin dare, ko kuma ya farka tun da sauran dare ya kasa komawa. Washegari sai ya wuni da kasala, da saurin fushi, da mantuwa, da kasa tattara hankali a kan aiki. Kusan kowa yakan gamu da irin wannan na 'yan kwanaki idan aka yi rashi, ko bashi ya yi nauyi, ko ciniki ya tsaya. Likitoci suna ɗaukarsa ciwo mai naci ne idan yana faruwa aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, kuma yana shafar harkokin rana. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin kowane baligai 10 yana fama da shi a wannan mataki.

Sau da yawa abin da ya fara kawo matsalar yakan wuce, amma ita ta zauna, domin mutum ya riga ya saba da fargabar kwanciya. Da zarar ya hau gado sai tunanin ko barci zai zo ya hana barcin zuwa. Haka kuma ƙauracewar barci takan zama alamar wata cuta dabam, kamar ciwon damuwa mai tsanani, ko asma, ko ƙwannafi, ko ciwon gaɓoɓi, ko yawan fitsarin dare da ciwon sukari ko kumburin mafitsara yake jawowa.

Minshari da ɗaukewar numfashi

Cuta ta biyu ita ce ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda ta fi haɗari saboda mai ita ba ya sanin abin da ke faruwa. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da jini yake ɗauke da ita ta ragu, har ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi da ƙarfi. Idan haka tana faruwa sau 5 zuwa 14 a cikin sa'a guda, ana ɗaukar ciwon mai sauƙi ne. Sau 15 zuwa 29 matsakaici. Sau 30 zuwa sama kuwa mai tsanani.

Alamominsa sun haɗa da minshari mai ƙarfi wanda yake yankewa ya dawo da shaƙewa, da ciwon kai da bushewar baki da safe, da gyangyaɗi a wurin taro ko a bakin aiki duk da cewa an kwana a gado. Galibi matar aure ko abokin kwana ne yake fara lura. Ya fi kama maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da waɗanda suka manyanta. Idan aka bar shi yana taimakawa wajen kawo hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna cewa mutane miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 ne suke da wannan ciwo a duniya, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi.

Masu harkar sufuri a ƙasar Japan sun ga illarsa ƙarara a watan Fabrairu na 2003, lokacin da barci ya kwashe direban wani jirgin ƙasa mai tsananin gudu na tsawon kimanin minti 8, sai na'urar jirgin ce ta tsayar da shi a tashar Okayama. Binciken likita ya gano yana da wannan ciwo, abin da ya sa kamfanonin sufuri na ƙasar suka shiga gwada direbobinsu. Maganin da ya fi inganci shi ne na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan na birnin Sydney a Ostareliya ya bayyana a 1981. Na'urar tana hura iska a hankali ta hanci domin hanyar numfashi ta kasance a buɗe. Tana bukatar wutar lantarki tsawon dare, wanda hakan ƙarin ɗawainiya ne ga mai amfani da ita a nan ƙasar. Rage ƙiba, da kwanciya a gefe maimakon rigingine, da barin taba da barasa, duk suna rage tsananin ciwon.

Sauran cututtuka

Akwai ciwon rashin natsuwar ƙafafu, inda mutum yake jin kamar kiyashi na yawo a cikin ƙwaurinsa da zarar ya kwanta, ba ya samun sauƙi sai ya motsa ƙafa ko ya tashi ya taka. Likita Karl-Axel Ekbom na ƙasar Suwidin ne ya yi cikakken bayaninsa a 1945. Yana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, saboda haka yakan addabi mata masu juna biyu da masu ciwon ƙoda, kuma sau da yawa gyara ƙarancin yakan kawo sauƙi.

Akwai kuma farmakin barci, wanda likitoci suke kira nakolefsi, inda barci yake faɗa wa mutum ba zato da rana tsaka, wani lokaci ma gwiwoyinsa su saki idan ya yi dariya ko ya razana. Yana kama kimanin mutum 1 cikin 2,000, kuma yawanci yana faruwa ne saboda ƙarancin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna oreksin, wanda aka gano a 1998. Masu shi sukan sha zargin lalaci a makaranta da wurin aiki shekara da shekaru kafin a gane ciwo ne.

Dannau kuwa sananne ne a ƙasar Hausa, inda mutum zai farka ya ji an danne masa ƙirji, ya kasa motsi ko magana, har ya ga kamar da wani a ɗakin. Bayanin likitoci shi ne, a matakin mafarki ƙwaƙwalwa takan ɗaure tsokokin jiki domin kada mutum ya aikata abin da yake gani, to idan hankali ya farka kafin a saki tsokokin sai a ji wannan dannewa. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, ba ya kisa, kuma ya fi zuwa ga wanda barcinsa bai isa ba ko mai kwanciya rigingine.

Ya kamata a bambanta waɗannan duka da ciwon barci na ƙudan tsando, wanda ƙwayar cuta ce take kawo shi. Shi ne ya addabi sassan Arewa a zamanin mulkin mallaka har aka gina sabon garin Takalafiya kusa da Anchau domin kawar da jama'a daga matattarar ƙudan. Yaƙin da aka yi da shi ya sa adadin waɗanda aka samu da shi a duk duniya ya sauka ƙasa da 1,000 a 2018.

Aikin dare da tuƙin dare

Ma'aikatan jinya, da 'yan sanda, da masu gadi, da ma'aikatan gidajen burodi da matatun mai suna aiki ne a lokacin da agogon jikinsu yake kiran barci, su kwanta a lokacin da yake kiran farkawa. Barcin rana kuwa gajere ne, ga zafi ga hayaniya. A 2007, da kuma 2019, hukumar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo sankara. Tun a 1990 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 171, wadda ta tanadi duba lafiyar ma'aikatan dare kyauta. A nan gida, Dokar Ƙwadago ta tanadi hutun da bai gaza sa'a guda ba ga wanda ya yi aikin sa'o'i 6 ko fiye a rana, da hutun sa'o'i 24 a jere cikin kowane kwana 7.

A kan hanya ne abin ya fi muni. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi sa'o'i 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu daidai da na wanda ya sha barasa har ta kai ma'aunin da ƙasashe da dama suka haramta tuƙi da shi. Barci ɓarawo ne, yakan saci direba na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya sani ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, ke nan gyangyaɗin daƙiƙa 4 ya isa ta shafe fiye da tsawon filin ƙwallo ba mai sarrafa ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa gajiya da barci a kan sitiyari cikin musabbaban haɗurra, tana kuma yawan gargaɗi game da tafiyar dare. A Tarayyar Turai, dokar 2006 ta ƙayyade tuƙin babbar mota ga sa'o'i 9 a rana, tare da hutun minti 45 bayan kowace tafiyar sa'o'i huɗu da rabi.

Abin da direbobi da masu aikin dare suka fi dogara da shi domin korar barci shi ne goro, da shayi mai kauri, da kofi, da lemunan ƙara kuzari. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda aikinsa shi ne toshe wa ƙwaƙwalwa saƙon adenosin. Gajiyar tana nan tana taruwa, saƙonta ne kawai aka tare, kuma da zarar ƙarfin kafeyin ya sauka sai ta faɗo gaba ɗaya. Shi ya sa ake cewa ba a cin bashin barci. Mafi haɗari su ne masu haɗawa da ƙwayoyi irin su tramadol domin jure aiki, sa'an nan su nemi diazepam ko maganin tari mai kodin domin su samu runtsawa. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 saboda yadda ake shansa ba bisa ƙa'ida ba.

Darasi daga birnin Chennai

Wani gwaji da masana tattalin arziki suka gudanar a birnin Chennai na ƙasar Indiya, aka buga sakamakonsa a 2021, yana da amfani ga Nijeriya domin yanayin zaman ya yi kama. An ɗauki masu ƙaramin ƙarfi 452 aikin shigar da bayanai a kwamfuta, aka riƙa auna barcinsu da na'ura. Sai aka tarar suna shafe kimanin sa'o'i 8 a shimfiɗa, amma ainihin barcin da suke samu sa'o'i biyar da rabi ne, saboda zafi, da sauro, da hayaniya, da cunkoson ɗaki. Da aka ba wasu kayan kwanciya da shawarwari, barcinsu na dare ya ƙaru da minti 27, amma aikinsu bai inganta ba, domin barcin da aka ƙara yankakke ne. Waɗanda aka ba damar ƙailula ta rabin sa'a a wuri mai shiru a ofis kuwa, an ga ƙarin ƙwazo da natsuwa a tare da su. Darasin shi ne, ingancin barci yana da muhimmanci kamar yawansa, kuma gyaran muhalli yana cikin maganin.

Hanyoyin samun ingantaccen barci

Matakin farko da likitoci suke ba da shawara shi ne tsayar da lokaci guda na tashi a kowace rana, har da ranakun hutu, da fita cikin hasken safiya, domin da haka ne agogon jiki yake daidaita. A daina cin goro da shan shayi ko kofi tun daga la'asar, domin rabin kafeyin ɗin da aka sha yana nan a jini bayan kimanin sa'o'i 5. A guji cika ciki da abinci mai nauyi dab da kwanciya, a kuma ajiye wayar hannu da kallon talabijin kamar sa'a guda kafin lokacin barci. Motsa jiki da rana yana ƙara nauyin barci. Ƙailula tana da amfani idan ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba, kuma aka yi ta kafin la'asar.

Ɗakin kwana ya kasance mai duhu da iska, a kuma ɗaura gidan sauro. Wanka da ruwa kafin kwanciya yana taimakawa a watannin bazara. Janareta kuwa a ajiye shi a waje, nesa da taga da ƙofa, domin bayan ƙararsa, hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari wadda ta sha hallaka iyalai a cikin barcinsu.

Wanda ya kwanta kimanin minti 20 barci bai zo ba, ya tashi ya zauna a wuri mai ƙarancin haske yana wani abu mai kwantar da hankali, sai ya ji barci ya koma. Wannan ɗaya ne daga cikin dabarun gyaran ɗabi'a da tunani, waɗanda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ayyana a 2016 a matsayin maganin farko na ƙauracewar barci mai naci, kafin a kai ga ƙwayoyi. Ƙwayoyin barci na ɗan lokaci ne, bisa umurnin likita, domin jiki yana sabawa da su, suna kuma iya tsananta ɗaukewar numfashi.

Ya wajaba a ga likita idan matsalar ta kai wata 3, ko aka lura numfashi yana tsayawa cikin dare, ko barci yana kama mutum a kan tuƙi ko kusa da inji, ko hawan jini ya ƙi jin magani. Idan rashin barcin ya haɗu da baƙin ciki mai tsawo da yanke ƙauna, asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin su na Yaba, da Aro a Abeokuta, da Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, suna da ƙwararru a wannan fanni.

Masu kamfanoni da shugabannin ƙungiyoyin direbobi su ma suna da rawar takawa. Sanya direbobi biyu a doguwar tafiya, da taƙaita yawan dararen da ma'aikaci zai yi a jere, da ware ɗakin hutu mai shiru, da tura masu yawan minshari da gyangyaɗi zuwa gwaji, duk matakai ne da kuɗinsu bai kai na tanka guda da ta kife da mai ba, balle ran direba da na sauran matafiya. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.